Twisted Metal: Me Ya Sa Masoyansa Ke Roƙon Ya Dawo, Kuma Suke Tsoron Dawowar?

A ƙarshen watan Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka ɗauke sabis ɗin waya a wasu sassan jihar saboda matsalar 'yan bindiga, kamar yadda aka riga aka yi a Zamfara tun farkon watan. Birnin Gwari na cikin wuraren da abin ya shafa, kuma sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido da shi. Matashin da ke zaune a Damari a wancan lokaci yana da damuwar da ta fi ta gem nesa ba kusa ba, wannan kowa ya sani. Amma idan dare ya yi ya jawo wayarsa don ya ɗan ɗebe kewa, zai tarar wasannin da ke ciki sun rabu gida biyu. Free Fire da PUBG da Call of Duty sun zama hoto kawai a kan allo, ka danna su tsaya suna ta juyi suna neman intanet. Shi kuwa tsohon gem ɗin ƙwallon da aboki ya tura masa ta Xender, wanda yake buɗewa da PPSSPP, ko a jikinsa. In dai akwai caji, zai buga.

Ka riƙe wannan bambancin a ranka, domin a kansa ne masoyan wani tsohon gem na faɗan motoci mai suna Twisted Metal suka daɗe suna ta ce-ce-ku-ce. Suna so kamfanin Sony ya dawo da shi. Suna kuma tsoron idan ya dawo, zai dawo ne a rukunin farko, na masu juyi suna neman intanet, alhali a rukuni na biyu aka haife shi.

Wane irin gem ne?

Twisted Metal ya fito a watan Nuwambar 1995 a kan PlayStation ta farko, wadda muke kira PS1. Wani ƙaramin kamfani mai suna SingleTrac da ke birnin Salt Lake City a Amurka ne ya haɗa shi, Sony ta fitar da shi kasuwa. Cikin waɗanda suka tsara shi akwai David Jaffe, mutumin da daga baya ya jagoranci God of War na farko a 2005. Labarin da masu aikin ke bayarwa shi ne tunanin ya zo musu ne suna maƙale cikin cunkoson motoci a Los Angeles, suna fatan ina ma motarsu na da roka su buɗe wa kansu hanya. Wanda gosulon Mararraba zuwa Nyanya ya taɓa riƙewa da yamma ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ba tsere ake yi a cikinsa ba. Babu layin da za ka tsallake a ce ka zo na ɗaya. Ana zuba motoci ne a fili guda, ko unguwa ce, ko saman benaye, kowace mota ɗauke da bindiga da rokoki, a yi ta ɗauki-ba-daɗi har sai mota ɗaya ta rage. Wanda ya saba da Free Fire zai ga ai tsarin ba baƙo ba ne: tattara makamai a warwatse cikin fili, neman abin ƙara lafiya, gudun wanda ya fi ka ƙarfi, sannan ka koma ka same shi bayan wani ya raunata shi. Bambancin shi ne nan mota ce jikinka, kuma an yi shi shekara 20 da ɗoriya kafin Free Fire.

Kowace mota da direbanta da makaminta na musamman. Fitaccen cikinsu shi ne Sweet Tooth, mahaukacin ɗan kama mai wuta na ci a kansa, wanda ke tuƙa motar sayar da askirim. Akwai Mr. Grimm a kan babur, mai sauri amma bugu kaɗan ke gamawa da shi. Akwai Axel, wanda babu mota ma a tare da shi, mutum ne aka ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa tsakanin manyan tayoyi biyu. Mai shirya gasar kuwa wani mutum ne da ake kira Calypso, kuma alkawarinsa ɗaya ne: wanda ya ci, ya faɗi buƙatarsa ɗaya, kowace iri ce, za a biya masa.

A nan daɗin labarin yake, don Calypso ba ya saɓa alkawari, murɗe shi yake yi. A Twisted Metal 2, wanda ya fito a 1996, wasu samari biyu masu tuƙa motar Hammerhead sun ci gasa suka ce suna so su tashi sama. Calypso ya ce an ba su. Suka ruga da murna suka diro daga saman bene, shi kuwa yana tsaye riƙe da tikitin jirginsu. Wata direba mai suna Amanda Watts ta roƙi gudu irin na haske, ta yi ta gudu har ta koma baya cikin zamani, mai ya ƙare mata a zamanin manyan dabbobin da suka shuɗe. Masoyan gem ɗin sun girma da irin waɗannan labarai, shi ya sa duk lokacin da suka ce "a dawo mana da shi" sai su ɗan yi jim.

Na biyun nan shi ne mafi yawan masoya ke ɗauka a matsayin gwarzo. Ya zagaya duniya, daga Los Angeles zuwa Mosko, Paris, Hong Kong, har ƙanƙarar Antatika da ke rushewa a ƙarƙashin tayarka. A Paris kana iya dasa bam ka kayar da hasumiyar Eiffel, ta zama gadar da za ka bi ka hau rufin gidaje. A 1996 wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne.

Abin da ya sa ya dace da gidan gem

Gaskiya, a gidajen gem ɗinmu na Arewa ƙwallo ce sarauniya, tun zamanin Winning Eleven har zuwa PES da FIFA, sai faɗa irin su Mortal Kombat da Tekken su biyo baya. Twisted Metal bai taɓa ƙwace musu benci ba. Yana dai cikin tarin kaset ɗin da mai gida ke ajiye wa ranar da aka gaji da ƙwallo. Mu a unguwarmu ba ma kiran sunansa, cewa muke a sa mana "mai motar askirim". Amma idan aka sa shi, yana da abin da gidan gem ke buƙata cif-cif: talabijin ɗaya, hannun gem biyu, allo ya rabu gida biyu, kowa na kallon ɓangarensa yana kuma satar kallon na abokin karawarsa don ya ga inda ya ɓuya. Minti biyar ko goma an gama, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba, ko ya biya kuɗin wasan, gwargwadon dokar gidan.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Gem ɗin ya fi kusa da Mortal Kombat a kan gem ɗin tsere. Bayan makaman da kake tsinta, akwai dabarun da sai ka haddace jerin dannawa. A na biyun, idan ka danna hagu, dama, sama da sauri, za ka harba abin da ke daskarar da motar abokin gaba na ɗan lokaci, ka samu damar zazzage masa duk abin da ka tara. Wani jerin ya ba ka garkuwa, wani ya sa ka yi tsalle. Yaron da ya haddace waɗannan shi ne sarkin benci, kuma ba ya koya wa kowa sai an saya masa rake. Motocin ma ba sa bin dokar tuƙin gaske, suna juyawa a tsaye kamar mazari, domin an gina su ne don faɗa.

Daga nan tarihin ya yi ta hawa da sauka. Wani kamfani ya saye SingleTrac a 1997, Sony ta miƙa na uku da na huɗu ga 989 Studios, suka fito a 1998 da 1999, masoya da yawa suka ce tuƙin ya canza, ba su ji daɗinsa ba. A 2001 tsofaffin ma'aikatan suka dawo da Twisted Metal: Black a kan PS2, mai duhu da ban tsoro, wanda direbobinsa daga gidan mahaukata aka kwaso su. A 2005 Twisted Metal: Head-On ya fito a kan PSP. Na ƙarshe ya fito ranar 14 ga Fabrairun 2012 a kan PS3, daga kamfanin Eat Sleep Play. Tun daga ranar ba a sake sabo ba. PS4 ta zo ta wuce, PS5 ta fito a 2020, shiru.

Na 2012 ɗin ya bar darasi. An ba da ƙarfi sosai kan wasan intanet, inda mutum 16 ke iya karawa lokaci guda, amma a makonnin farko mutane sun sha fama wajen shiga wasa saboda matsalar haɗi. A farkon 2019 kuma Sony ta kashe uwar garkensa, wato manyan kwamfutocin kamfani da ke haɗa 'yan wasa da juna. Wannan ɓangare ya mutu ke nan a hukumance. Abin da ya rage a faifan shi ne labarin da mutum ke bugawa shi kaɗai, da wasan raba allo na mutum biyu zuwa huɗu. Ma'ana, tsohon ɓangaren da ake ganin ya tsufa shi ne ya rayu.

Fim ya tayar da tsohon tsumi

A ranar 27 ga Yulin 2023 dandalin Peacock na Amurka ya fara nuna fim mai dogon zango mai suna Twisted Metal, Anthony Mackie ne jarumi, wanda masu kallon finafinan Marvel suka sani da Falcon. Ɗan kokawar nan Samoa Joe ne ya sa fuskar Sweet Tooth, Will Arnett ya yi masa murya. Mutane da yawa sun zaci shirme za a yi, sai ga shi ya samu karɓuwa har aka yi zango na biyu, wanda ya fara a ƙarshen Yulin 2025, inda Calypso ya bayyana da gasarsa. Sony ta kuma saka na ɗaya da na biyu a PlayStation Plus a 2023, ta ƙara na uku da na huɗu a 2025.

Duk mai hankali zai ce ai sabon gem na tafe. An ga yadda fim ɗin The Last of Us ya sa mutane suka koma sayen gem ɗinsa. Rahotanni ma sun yi ta yawo tun 2021 cewa ana aikin sabon Twisted Metal a birnin Libaful na Ingila, da farko a kamfanin Lucid Games, daga baya aka ce aikin ya koma Firesprite, wanda Sony ta saya a shekarar. Sony dai ba ta taɓa fitowa ta sanar da shi ba. Sai a Fabrairun 2024, lokacin da ta sallami ma'aikata kusan 900 daga sashen PlayStation ta kuma rufe ɗakin aikinta na Landan, kafar Bloomberg ta ruwaito cewa cikin ayyukan da aka soke har da wannan. Rahoton ya ƙara da cewa gem ɗin da ake shiryawa irin mai dogaro da intanet ne.

Abin mamaki, masoya sun kasu. Wasu sun yi baƙin ciki. Wasu kuwa cewa suka yi gara da aka soke.

Mene ne gem mai dogaro da intanet?

Tsohon tsari sayen akuya ne: ka biya, ka ja abarka gida, kamfani ya gama da kai. Sabon tsarin ya fi kama da hayar shago. Gem ɗin yana zaune ne a uwar garken kamfani, abin da ke wayarka ko na'urarka ƙofar shiga ce kawai. Sau da yawa shigar kyauta ce. Kuɗin yana zuwa ne daga baya, ta sayen kaya da fenti da rawa da tikitin kakar wasa da ake sabuntawa duk bayan 'yan makonni. Wanda ya taɓa tura kuɗi ya sayi dayamon a Free Fire ko UC a PUBG ya san zancen.

Dalilin da kamfanoni ke son sa a fili yake. Haɗa babban gem yanzu na cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata, kuma idan ka sayar sau ɗaya shi ke nan. Amma idan ka dace da irin Fortnite, kuɗi zai yi ta shigowa shekara da shekaru. A 2022 Sony ta gaya wa masu zuba jari cewa tana shirin fitar da irin waɗannan wasanni fiye da 10 kafin Maris ɗin 2026. Ɗaya ya yi nasara sosai, wato Helldivers 2. Da yawa an soke su tun ba su fito ba. Mafi muni shi ne Concord, wanda ya fito ranar 23 ga Agustan 2024, aka rufe shi ranar 6 ga Satumba, mako biyu kacal, aka maida wa mutane kuɗinsu, daga baya aka rufe kamfanin da ya haɗa shi.

Akwai misalin da ya fi kusa. A Fabrairun 2021 Lucid Games, kamfanin da aka ce shi aka fara bai wa Twisted Metal, ya fitar da Destruction AllStars a kan PS5, gem na karon motoci mai launuka da tallan kaya. An raba shi kyauta ga masu PlayStation Plus, duk da haka cikin ɗan lokaci filayen suka yi fayau. Irin wannan gem idan babu mutane, babu wasa, domin mutanen su ne wasan. Masoyan Twisted Metal suka kalli wannan suka ce, to ashe haka za a yi wa Sweet Tooth, a sa masa hular naira dubu biyar a kuma kashe shi bayan shekara biyu.

Maganar kashewa ba zato ba ce. A ƙarshen Maris ɗin 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe uwar garken The Crew, gem ɗin tseren motoci na 2014. Wanda ya saya da kuɗinsa, har mai faifai a hannu, ya wayi gari ba ya iya buɗe ko da ɓangaren da mutum ke bugawa shi kaɗai. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games da wani mai suna Ross Scott ya fara, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Ka kwatanta da faifan Twisted Metal 2 na 1996. In bai karce ba, yau ma zai tashi.

Namu ya fi nasu

Baturen da ke wannan ƙorafi tsoronsa shi ne ranar da kamfani zai kashe gem. Mu kafin a kai ga wannan ranar akwai ƙofofi da dama da za a iya rufe mana.

Ta farko, PlayStation Network ba ta da Najeriya ko Nijar a jerin ƙasashenta. Duk mai PS4 ko PS5 a Kano ko Kaduna da ke shiga intanet, akawun ɗin wata ƙasa ya buɗe, Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, yana sayen katin kuɗi da dala ko fam. An saba da haka har an manta cewa lallaɓawa ake yi. A watan Mayun 2024 aka tuna mana, lokacin da aka dakatar da sayar da Helldivers 2 a kan Steam a ƙasashe fiye da 170 da ba su da wannan tsari, bayan rikicin tilasta wa 'yan wasa haɗa akawun.

Ta biyu ita ce nisa. Idan ka danna harbi, saƙon sai ya bar wayarka ya je turken sabis, ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa inda uwar garke take, galibi Turai ko Afirka ta Kudu, sannan amsa ta dawo. Lokacin wannan kai-da-komo shi 'yan gem ke kira fing. Daga Legas zuwa Landan kaɗai yana cin kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, kafin a ƙara nisan Arewa da raunin sabis ɗin ƙauye. A gem ɗin dara wannan ba komai ba ne. A gem ɗin da motoci ke gudu suna kauce wa roka, wanda kake harbi ya riga ya bar wurin da kake ganinsa. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 ma wayoyin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi kwanaki tana jan ƙafa a ƙasashe da yawa.

Ta uku kuɗi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Gem mai dogaro da intanet ba wasa kaɗai ke cin data ba, sabuntawa ce ke cinye ta, kuma ba ya barin ka shiga sai ka sauke. Ka duba lissafin mai gidan gem: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ke cin ribarsa, sai a ce kuma kowane mutum ɗaya sai da na'urarsa da talabijin ɗinsa da akawun ɗinsa, domin irin waɗannan wasanni ba kasafai suke raba allo ba. Ba zai saya ba. Gem ɗin da ba ya shiga gidan gem kuwa, yawancin yaranmu ba za su taɓa riƙe shi ba, don mutum nawa ne ke da PS5 a ɗakinsa?

Ta huɗu ita ce wadda muka fara da ita. Akwai wuraren da sabis ɗin ma gaba ɗaya ake iya ɗaukewa.

Sai dai a yi adalci

Ba zan ce duk laifin kamfani ba ne. Faɗan motoci a matsayin nau'in gem ya daɗe da faɗuwa a kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 akwai Vigilante 8 da Carmageddon da wasu da dama, yau sai ka yi bincike kafin ka samu. Dawo da tsohon suna kuma ba tabbacin komai ba ne. Masu Carmageddon sun nemi tallafin masoya ta Kickstarter a 2012, aka tara musu fiye da dala 600,000, gem ɗin ya fito a 2015 yana nauyi yana sarƙewa a kwamfutoci, bai yi tasirin da aka zata ba, daga baya aka sayar da sunan ga THQ Nordic a 2018. Mutanen da ke ihu a intanet suna cewa a dawo da abu ba kullum suke kai yawan da za su biya kuɗin haɗa shi ba. Kuma wasan intanet na da daɗinsa. Abokinka ya tafi karatu Zariya, kai kana Birnin Gwari, ba ku da benci ɗaya, intanet ce za ta haɗa ku.

Ko masoyan ma ba su daidaita kan abin da suke so ba. Wasu na son barkwancin na biyu, wanda fim ɗin ya fi kama da shi. Wasu ba sa ganin komai sai duhun Black. A nan ni ina da ra'ayi, kuma wurin da nake rubutu dominsa ne ya ba ni shi. Black da na 2012 hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware su ne ga 'yan shekara 17 zuwa sama, kuma labaran cikinsu na kisa ne tsagwaronsa. A garin da yara suka san ƙarar bindigar gaske, uban da ya leƙo ya ce a kashe wannan abin bai yi laifi ba. Na biyu da Head-On an ware su ne ga matasa, faɗansu ya fi kama da zanen barkwanci, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Da za a tambaye ni, can zan ce a koma.

Abin da nake ganin ya fi dacewa ba sabon abu ba ne, na 2012 ya riga ya yi shi: a sa intanet ga mai so, a bar raba allo da wasan mutum ɗaya su yi aiki ko babu ita. Ba sai gem mai cin ɗaruruwan miliyoyin dala ba. Matsakaici, mai filaye takwas ko goma masu kyau da motocin da aka daidaita ƙarfinsu, ya isa. Ko kuwa a sake gina na biyu da zanen zamani, kamar yadda aka yi wa Crash Bandicoot a 2017 da Tony Hawk a 2020, duka kuma sun sayu. Wasu masoyan ma ba su jira Sony ba, sun kafa tasu uwar garken sun farfaɗo da wasan intanet na Twisted Metal: Black.

Idan aka ce a waya za a kawo shi fa? Nan ma akwai abin dubawa. Gem ne da ke son yatsu da yawa lokaci guda: tuƙi, mai, birki, bindiga, sauya makami, ga jerin dannawar daskarewa. A kan gilashin waya, inda yatsa ba ya jin maɓalli, dole a rage wasu, kuma abin da za a fara yankewa shi ne ainihin abin da ya bambanta gwani da ɗan koyo. Sannan gem ɗin waya na kyauta kusan kullum da shago yake zuwa.

Abin da za ka iya taɓawa yanzu

Mai PS4 ko PS5 zai samu na ɗaya zuwa na huɗu a shagon PlayStation, Black ma yana nan tun 2015. Mai waya kuwa hanyar da ya riga ya sani ce, PPSSPP, manhajar da wani ɗan Suwidin mai suna Henrik Rydgård ya fara a 2012, wadda ke sa waya ta kwaikwayi PSP. Head-On na PSP shi ne magajin na biyu kai tsaye, da Paris ɗinsa da Masar da Tokyo, kuma tunda faifan PSP bai wuce gig 1.8 ba, bai kai nauyin wasannin yanzu ba. Ita manhajar halas ce, tana Play Store kyauta. Gem ɗin kuwa mallakar Sony ne, hanyar da doka ta sani ita ce ka kwafo daga faifan da ka mallaka. Ka kuma yi hattara da shafukan da ke cewa sai ka sauke wata manhaja ko ka saka lambar wayarka kafin su ba ka fayil, yawanci tarko ne.

PSP na da tsarin haɗa na'urori da ke kusa da juna ba tare da intanet ba, Head-On na amfani da shi, PPSSPP ma ta gaje shi. Mutum ɗaya zai buɗe hotsfot, ko babu data a layinsa, sauran su shiga. A sashen Networking na saitin manhajar kowa ya kunna WLAN, mai hotsfot ya kunna uwar garken da ke cikin manhajar, sauran su rubuta lambar IP ɗin wayarsa. Ku tabbatar PPSSPP ɗinku zubi ɗaya ce, fayil ɗin gem ɗin ma iri ɗaya, in ba haka ba za ku yi ta neman juna ba ku gani ba. Wani lokaci sai an kashe an sake kunnawa sau biyu kafin ya kama. Idan akwai hannun gem mai Bluetooth a kusa, a ba wa baƙo, don wanda ya fara da gilashi ba ya daɗewa Sweet Tooth bai gama da shi ba.